Yadda mai raunin ji zai yi lasisin tuƙi da inshorar mota a Kano ba tare da ɓoye lalurarsa ba

Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari daga Gadar Lado zuwa Ƙofar Nasarawa da la'asar sakaliya ya san da oda ake magana a titunan garin nan. Ɗan adaidaita sahu ba ruwansa da sigina, oda zai latsa ya kutso. Mai tifa tun daga nesa yake sanar da kai ba shi da niyyar taka birki. Shi ya sa idan jin mutum ya fara raguwa, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne kada kowa ya sani, kada 'ya'ya su karɓe mukulli, kada mai mota ya sallame shi. Sai ya je sabunta lasisi ya ce lafiyarsa ƙalau, ya je yankar inshora ya bar ejan ya cike fom yadda ya ga dama.

Raunin ji shi kaɗai ba kasafai yake raba mutum da tuƙi ba. A Ingila, hukumar lasisinsu ta DVLA ba ta buƙatar kurma ya sanar da ita komai idan ƙaramar mota ko babur zai tuƙa. Mai tuƙa bas ko babbar mota ne aka wajabta wa ya faɗa. Abubuwa biyu ne ke jefa direba cikin wahala: amsar ƙarya a takardar da ya sa wa hannu, da cutar da ta laɓe a bayan raunin jin wadda bai je an duba ba. Ga yadda za ka bi ka tsallake su duka.

Mataki na farko: je a auna kunnen

Kada ka yanke wa kanka hukunci a gida. Wani yana shekara yana zaton ya kurumce, alhali dauɗa ce ta toshe kunnen, wadda za a fitar cikin 'yan mintoci. Wani kuma yana rantsuwa jinsa garau yake, iyalinsa ne kawai suka san yadda yake ƙure wa rediyo murya. Idan ka ga kana yawan cewa "na'am?", ko ba ka tsintar magana a wurin hayaniya irin Kantin Kwari ko taron ɗaurin aure, ko kullum kunne ɗaya kake kara wa waya, ko akwai ƙara a cikin kunnen da ba ta yankewa, ko mota takan wuce ka ba ka ji tahowarta ba, lokacin zuwa asibiti ya yi.

Sashen kunne, hanci da maƙogwaro za ka nema. Akwai shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, akwai shi a Asibitin Murtala, ga kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna ga wanda aka tura can. Ka yi sammako, ka riƙe katinka da takardar turawa idan daga ƙaramin asibiti ka fito, da kwalayen duk magungunan da kake sha.

Likita zai fara leƙa kunnen da 'yar fitila ya ga ko akwai dauɗa, mugunya ko huji a dodon kunne. Sai gwajin ji. Za a shigar da kai wani ɗan ɗaki mai kaurin bango a rufe ƙofa, a kifa maka abin sauraro a kunnuwa biyu, a ba ka madanni a hannu. Mai gwajin yana waje yana aiko da sauti, kunne ɗaya bayan ɗaya, wani siriri wani mai kauri, yana rage ƙarfinsa har ya ɓace maka. Duk sanda ka ji, komai ƙanƙantarsa, ka danna. Kada ka riƙa satar kallon hannunsa kana canka. Wasu kan yi haka don su "ci jarrabawa", kuma kansu suke cuta, domin da wannan sakamakon za a saita musu na'urar ƙara ji. Bayan haka za a ɗora wani ɗan abu a ƙashin bayan kunne a maimaita, don a gane ko matsalar tana hanyar da sauti ke shiga ne ko tana can ciki wajen jijiya. Duka-duka bai cika wuce rabin awa ba.

Za a ba ka takarda mai zane: jan da'ira na nuna kunnen dama, shuɗin gicciye na nuna hagu. Da desibel, ma'aunin ƙarfin sauti, ake awon. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ke jin sauti ƙasa da desibel 20 jinsa lafiya lau. Daga 20 zuwa 35 rauni ne kaɗan. Daga 35 zuwa 50 matsakaici. Daga 50 zuwa 65 ya fara tsananta. Daga 65 zuwa 80 mai tsanani. Abin da ya haura 80 kuwa ya yi nisa ƙwarai. Ka haddace lambar kowane kunne, don za a tambaye ka ita nan gaba.

Kada ka bar wurin ba ka tambayi musabbabi ba. A nan ƙasar tamu musabbaban sanannu ne. Sanƙarau yana barin mutum da kurumta, kuma annobarsa ta 1996 ta bar da yawa a Kano da wannan tabon. Akwai ƙyanda da hangum na ƙuruciya, da kunne mai zubar da ruwa shekara da shekaru, da zazzaɓin Lassa, da sikila. Akwai magunguna masu cin jijiyar kunne, irin allurar jentamaisin da ake dankara wa mutane a kyamis ba lissafi, da kwinin. Akwai ƙarar injin niƙa, janareta, walda da injinan masana'antun Sharaɗa da Bompai ga wanda ya yi shekaru a cikinsu ba kariya. Sai kuma tsufa, wanda ke fara ɗauke sauti siriri, shi ya sa dattijo ke jin rurin tirela amma ba ya jin usur ɗin ɗan KAROTA, mai kula da zirga-zirga a titunan Kano.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga direba ita ce ta jiri. A cikin kunne ne gaɓar da ke daidaita tsayuwar mutum take, saboda haka wasu cututtukan kunne kan zo da hajijiya mai faɗowa ba sallama: duniya ta juya, amai ya taso, ido ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Kurma mai lafiyar ido yana iya tuƙi shekara talatin ba ko ƙwarzane, amma wanda jiri ke kamawa ba zato ba shi da hurumin hawa gadar sama ta Ƙofar Nasarawa da mota sai likita ya tabbatar an shawo kan abin. Idan kana da shi ka faɗa ƙarara, ko da ba a tambaye ka ba. Haka kuma idan ka wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke ɗif, ranar nan za ka je asibiti, domin maganinsa a kwanakin farko yake aiki. Kada ka ɓata su wajen ɗiga ruwan albasa ko tura gashin kaza.

Mataki na biyu: karɓi takardar likita

Maganar baki ba ta zuwa ofishin inshora. Ka ce wa likitan, "Likita, ina tuƙa mota, ina son ra'ayinka a rubuce." Takardar ta ƙunshi sunanka kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa, ranar gwajin, matakin raunin kowane kunne, ko kana sa na'urar ƙara ji da irin taimakon da take yi maka, ko akwai jiri ko babu, da ra'ayinsa a kan tuƙi. Sa hannu da hatimin asibiti su fito sarai. Ka yi mata hoto uku: ɗaya a mota, ɗaya ga kamfanin inshora, ɗaya ga ofishin lasisi. Ta asalin ta zauna a gida, hotonta kuma ya zauna a wayarka.

Akwai masu tsayawa a bakin ofisoshi suna sayar da takardar shaidar lafiya ba tare da an ga likita ba. Ranar da za ka buƙace ta da gaske, kamfani asibitin zai tuntuɓa, kuma ba za a sami fayil ɗinka ba.

Mataki na uku: lasisi

Hukumomi uku ne ke da hannu a lasisin tuƙi a Najeriya: Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke ɗaukar hoto da zanen yatsu ta buga katin, jami'an VIO masu duba lafiyar ababen hawa su ke gwajin tuƙi, hukumar tara kuɗin shiga ta jiha kuma ta nan ake biyan kuɗi da karɓar katin. Sabon mai nema, wanda ya cika shekara 18, zai fara da makarantar koyon tuƙi da FRSC ta amince da ita, ya karɓi shaidar kammalawa, ya ci gwajin VIO, ya cike fom a intanet, ya biya, a ɗauki hotonsa, a ba shi na wucin gadi mai kwana 60 kafin na dindindin ya fito. Lasisin na shekara 3 ne ko 5. Mai sabuntawa ba ya komawa makaranta.

A fom ɗin, kusa da inda ake tambayar tsawo, rukunin jini da ko kana sa tabarau wajen tuƙi, akwai gurbin da ke tambaya ko kana da wata nakasa. A nan ake tafka kuskuren, domin yawanci a shagon kwamfuta ake cikewa, yaron shagon kuma "babu" yake dannawa ba tare da ya ɗago kai ba. Ka tsaya a kansa. Idan gwaji ya nuna rauni na dindindin, musamman wanda ya kai ka ga sa na'ura, a rubuta shi. Kafin a buga takardar ka karanta ta da idonka, ko ka sa wanda ka yarda da shi ya karanta ya nuna maka layin.

Ranar gwaji ka sanar da jami'in VIO kafin a tayar da mota. Ka ce, "Yallaɓai, kunnena na dama ba ya ji sosai, ga takardar asibiti. Idan za ka ba ni umarni, ka nuna min da hannu." Ku daidaita alamun dama, hagu, tsaya da baya tun mota tana tsaye. Wanda ya yi shiru, jami'i ya ce ya tsaya bai tsaya ba, faɗuwa zai yi a kan rashin bin umarni, alhali tuƙinsa ba laifi. Mai maganar hannu ya tafi da tafinta. Tsofaffin ɗaliban makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki da ƙungiyoyin kurame na garin nan sun san waɗanda ke wannan aiki. Gwajin ido ne ba a sassautawa, kuma daidai ne, tunda idon ne zai ɗauki aikin kunnen. Cikin rukunan lasisi akwai na J da aka keɓe wa masu nakasa, kamar yadda B yake na ƙaramar motar gida. Ka tambayi jami'in wanne zai sa ka a ciki, da dalilinsa.

Idan wani ya kore ka daga layi don kawai ya ga na'ura a kunnenka, ka nemi ganin shugaban cibiyar. Dokar hana wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun ga mutumin da ya nuna wariya, da tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani ko ma'aikata. Ba sai ka yi faɗa ba. Sanin cewa ka san da ita yakan wadatar.

Direban haya lissafinsa daban. Ana neman takardar shaidar lafiya daga asibitin gwamnati ga mai neman lasisin haya, kuma ko'ina a duniya an fi tsanantawa ga mai ɗaukar rayukan jama'a ko kaya masu nauyi. A Amurka, alal misali, ƙa'idar direban babbar mota ita ce ya ji raɗa mai ƙarfi daga nisan ƙafa 5 da kunnensa mafi kyau, da na'ura ko babu. Idan kana lodi a Unguwa Uku ko kana jan tirela zuwa kudu, ka yi gwajin da wuri ka sa na'ura tun raunin yana matsakaici. Sana'arka kake karewa.

Mataki na huɗu: inshora, inda aka fi yin asara

Inshorar mota iri biyu ce. Ƙaramar, tad fati, dole ce a kan kowace mota, kuma wanda ka yi wa ɓarna take biya, ba kai ba. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, daga 5,000, ta kuma ɗaga diyyar ɓarnar dukiya zuwa naira miliyan 3. Adaidaita sahu 5,000 ne. Tun 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda ke tsananta bincikenta a hanya. Babbar kuma, kwamfirihensif, tana biyan gyaran taka motar da sata da gobara, kuma NAICOM ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar. Motar naira miliyan 10 ke nan aƙalla naira 500,000 a shekara. Wanda zai zuba wannan kuɗi bai kamata ya bar layi ɗaya a fom ya cinye masa shi ba.

Yarjejeniyar inshora a kan gaskiya tsakani da Allah aka gina ta, saboda kamfani bai san ka ba sai abin da ka gaya masa. Fom ɗin neman inshorar mota yakan ɗauki tambaya mai kama da haka: shin kai, ko wani da ka san zai tuƙa motar, kuna da raunin gani ko na ji, ko farfaɗiya, ciwon suga, ciwon zuciya ko wata nakasa? A ƙasan fom kuma akwai shelar da ke cewa amsoshinka gaskiya ne kuma su ne tushen yarjejeniyar. Dokar Inshora ta 2003, a sashe na 54, ta ɗora wa kamfani nauyin ya tambayi duk abin da yake ganin muhimmi ne, ta ce abin da bai tambaya ba ba a ɗaukarsa muhimmi. A watan Agustan 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar inshora da ta maye gurbin waccan, amma aikinka a gaban fom bai canza ba: abin da aka tambaye ka, ka amsa shi daidai, a rubuce.

Ga yadda abin ke faruwa a zahiri. Ka isa 'yar rumfar ejan kusa da ofishin lasisi, ya tarbe ka da fara'a, ya ce, "Alhaji, kawo fatikula kawai, sauran ka bar min." Ya ɗora fom a cinya, ya bi layin tambayoyi daga sama zuwa ƙasa yana cakar "a'a" cikin daƙiƙa goma, ya juyo maka da shi ya nuna inda za ka sa hannu. Ba mugunta ba ce, sauri yake ya karɓi kamashonsa. Amma hannun da ke ƙasan takardar naka ne. Ka ce, "Malam, ba ni biron, mu bi su ɗaya bayan ɗaya." Da ka zo tambayar ji, ka zaɓi "e", ka yi bayani gajere: matsakaicin rauni a kunnen hagu, ina sa na'urar ƙara ji, ba ni da jiri, takardar likita tana haɗe. Da Turanci ake cike fom ɗin, don haka idan wani ne ya rubuta maka, ya fassara maka abin da ya rubuta kafin ka sa hannu. Ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka. Idan ejan ya ce, "Haba Alhaji, wannan ai ba sai an rubuta ba," ka tashi ka tafi ofishin kamfanin da kanka, ko ka bi ta dillalin inshora mai rajista.

Me kamfani zai yi da wannan bayani? Sau da yawa ba komai, musamman a tad fati da hukuma ta riga ta yanke kuɗinta. A babbar inshora yana iya neman takardar likita, ko ya sa sharaɗin cewa sai da na'ura a kunne za ka tuƙa, ko ya ɗan ƙara kuɗi. Idan ya ƙara, ka nemi dalili a rubuce, ka kuma gwada wani kamfanin. Ba su da ra'ayi ɗaya. Idan ya sa sharaɗi ka karɓa, to ka cika shi, domin haɗarin da ya same ka na'urar tana cikin aljihu zai buɗe musu ƙofar musu. Wanda ya ɓoye kuwa, ranar biyan diyya mai binciken kamfani zai zo ya zauna da shi, ya ga na'urar a kunnensa ko ya ga fayil ɗin asibiti mai kwanan wata kafin ranar inshorar, kamfani ya sami hujjar ƙin biya ko soke yarjejeniyar ɗungurungum. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a nan kuɗin gyaran mota ne ke faɗawa ciki.

Wasu kan sayi tad fati ta waya ko intanet, inda lambar mota da suna kawai ake tambaya. Idan ba a tambaye ka lafiya ba, ba ka ɓoye komai ba. Ka dai ajiye hoton shafin. Abin da ya fi damun masu saye a rumfa shi ne takardar bogi. Ka danna *565*11# a wayarka ka sa lambar motar, rumbun bayanan kamfanonin inshora zai nuna maka ko tana da rajista. Idan ba ta fito ba bayan 'yan kwanaki, takarda kawai ka saya.

Abu huɗu kuma da ake mantawa. Idan jin ya ragu ne bayan ka yi inshora, ka rubuta wa kamfani gajeriyar wasiƙa da hoton takardar likita, a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka. Sabuntawar kowace shekara sabuwar yarjejeniya ce, tambayoyin suna dawowa sabbi. Tambayar kuma ba kai kaɗai ta shafa ba: idan Baba ne ke ɗaukar motar zuwa masallacin Juma'a, ko direban gida da ya tsufa a hannunku, ko yaron da ka ba wa adaidaita yana kawo balas, lalurarsu da ka sani tana cikin abin da za ka faɗa. Sannan wanda ya zaɓi takaful, wato inshorar Musulunci, irin na Jaiz, Noor ko Salam, don guje wa shubuhar inshorar gargajiya, ya sani ƙa'idar bayyana gaskiya tana nan, har ma ta fi nauyi a wuyansa, tunda daga asusun gudummawar 'yan'uwansa mahalarta za a biya shi.

Mataki na biyar: sauran cututtukan da ke cikin tambayar

Tunda layi ɗaya ya haɗa su da raunin ji, kada ka faɗi ɗaya ka haɗiye sauran. Farfaɗiya ita mutanenmu suka fi ɓoyewa saboda tsangwama da maganar aure, kuma ita ta fi haɗari a kan titi. Mai ita ba ya tuƙi sai likitan ƙwaƙwalwa ya ga an daɗe ba ta tashi ba ya ba shi izini. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ya auna kafin doguwar tafiya ya ajiye dabino ko alewa kusa, musamman da azumi, don faɗuwar suga kan zo da rawar jiki da duhun ido. Wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya ya jira sahalewar likita. Yanar ido da hawan jinin ido sun fi zama barazana ga mai raunin ji fiye da kowa, na biyun ma gefen gani yake ci a hankali mutum bai sani ba. Ka kuma tambayi likita ko maganin jirin da ya ba ka yana sa barci, domin da yawansu suna sawa, haka ma maganin mura irin Piriton.

Mataki na shida: shirya motar da kanka

Madubai uku su zama lafiyayyu, ka ƙara 'yan ƙananan nan masu kumburi da ake mannawa a kusurwa. A Ƙofar Ruwa ba su da tsada. Ka saba zagaya su da ido kowane 'yan daƙiƙu. Jiniyar motar asibiti ko ayarin manya ba lallai ka ji ba, amma za ka ga walƙiyar fitilarsu, za ka kuma ga motocin gabanka suna darewa gefe. Da ka ga haka ka leƙa madubi. A shataletale da mahaɗa irin ta Kabuga ko Dangi, ka ɗauka akwai babur a inda ba ka gani.

Direba a hagu yake zama a ƙasar nan, don haka ɓangaren da raunin yake yana da tasiri. Idan kunnen hagu ne, mai wuce ka ba za ka ji shi ba, madubin hagu ne abokinka. Idan na dama ne, fasinja ba za ka ji ba, kuma haɗarin shi ne juyawa ka kalli bakinsa. Ka gaya wa iyali tun a gida: hira sai an tsaya. Mai kunne ɗaya kuma yana jin oda amma ba ya gane daga ina ta fito, saboda haka kada ya karkatar da sitiyari don jin ƙara kawai sai ya gani.

Mai na'ura ya ɗaga gilashin ɓangarensa saboda iska na cika ta da ƙugi, ya rage rediyo, ya ajiye batir na ko-ta-kwana a mota, mai na'urar da ake yi wa caji kuma ya cika ta tun dare tunda wuta ba ta da tabbas. Kada a bar ta a kan dashbod cikin zafin Afrilu, kuma a riƙa goge ta lokacin ƙurar hunturu. Injin mota ma da ƙara yake fara kai ƙorafi, kai kuwa ba za ka ji ba: ka sa ido a kan fitilun dashbod da allurar zafi, ka sa bakanike ko wani a gida ya riƙa shiga motar yana saurare lokaci-lokaci, musamman kukan birki da na bel.

Mataki na bakwai: idan an tsayar da kai, ko an yi karo

Idan ɗan KAROTA, ɗan sanda ko jami'in kiyaye haɗurra ya ɗaga maka hannu, ka tsaya, ka sauke gilashi, ka nuna kunnenka, ka ce, "Ranka ya daɗe, ba na ji sosai, ka fuskance ni ka yi magana a hankali." Ka miƙa takardar likita tare da lasisi. Tana da wani amfanin ma: na'urorin zamani sun yi kama da abin sauraron waya, kuma amfani da waya a kan tuƙi laifi ne, takardar ce za ta raba gardama. Wanda ba ya magana ya rubuta wannan bayani da Hausa da Turanci a kati ya ajiye a bayan makarin rana.

A wurin haɗari taro ke haɗuwa nan da nan, kowa yana magana lokaci ɗaya. Mai raunin ji ya saba gyaɗa kai ga maganar da bai ji ba don kada a gane shi, kuma a nan wannan ɗabi'a tana da tsada, domin jama'a za su shaida cewa ya amsa laifi. Kada ka gyaɗa kai, kada ka sa hannu a komai. Ka ɗauki hoton motocin kafin a matsar da su, da lambobinsu da titin, ka aika wa wani naka saƙon tes ya zo ya tsaya maka, ka sa wani ya kira 122, layin gaggawa na FRSC, idan akwai rauni. Sulhun bakin titi, a je a sayo fitila kowa ya kama gabansa, yana da daɗi a ƙaramar gogayya, amma kuɗin da ka biya ba da sanin kamfani ba da wuya su mayar maka. Idan ɓarnar babba ce ka karɓi rahoton 'yan sanda, ka sanar da kamfani a rubuce cikin kwanakin da takardar inshorarka ta ƙayyade, ka roƙi duk wata magana tsakaninku ta zama ta wasiƙa, imel ko saƙon waya maimakon kira.

Idan kamfani ya ƙi biya yana fakewa da kunnenka alhali ka bayyana tun farko, ka nemi dalilin ƙin a rubuce. Ka haɗa shi da hoton fom ɗin da ka cike, takardar likita, wasiƙar da aka buga wa hatimin karɓa, shaidar biyan kuɗin inshora da rahoton 'yan sanda, ka kai ƙorafi sashen karɓar koke na NAICOM, wadda ke da ofishin shiyya a nan Kano.